Yadda za ku tsara ƙuri'a a majalisar kwaikwayo ba tare da guruf ya watse ba

Na riƙe aikin akawu a wata majalisar kwaikwayo da muke yi a guruf, irin wadda ake raba kujeru, wane kakaki, wane jagoran masu rinjaye, wance jagorar 'yan adawa, a kawo ƙudiri a tafka muhawara a kaɗa ƙuri'a kamar da gaske. Abin da na lura shi ne muhawara komai zafinta ba ta cika kashe majalisa ba, mutane za su kwana uku suna sa-in-sa a kan ƙudirin haraji ko na ilimi, washegari kuma a gaisa lafiya lau. Ranar ƙirga ce take raba zumunci. Wanda ya faɗi zai haƙura in dai shi da kansa zai iya ɗaukar biro ya ƙirga ya ga lallai an kayar da shi, amma in ya ƙirga ya samu wani abu daban, ko ya ga sai bayan an ga inda ƙuri'a ta karkata aka tuno da wata doka, to wallahi ba zai ƙara yarda da zauren ba, kuma ba shi kaɗai zai fita ba.

Ga abin da ya faru da mu. Mu 30 ne a rajista. Aka kawo gyaran tsarin mulkinmu, dokarmu ta ce sai an samu "kashi biyu cikin uku", iya abin da aka rubuta kenan ba ƙari. Aka rufe ƙuri'a, 14 sun ce ee, 6 sun ce a'a, 4 sun rubuta cewa sun ƙaurace, sauran 6 ko leƙowa ba su yi ba. Masu ƙudirin suka fara murna, a lissafinsu 14 cikin 20 ai ya ma zarce. 'Yan adawa suka ce ina, mutum 24 ne suka halarta, sai 16. Wani kuma ya taso ya ce majalisa mutum 30 ce don haka sai 20. Kuma abin da ya fi ci mini rai, duk su ukun ba wanda ya yi ƙarya, dokar ce ta bar ƙofa a buɗe. Mun yi sati biyu ba a zauna ba, wasu har yau ba su dawo ba.

Toh aikin farko kenan, kafin ku zaɓi kakaki ma: duk inda kuka rubuta rinjaye ko kashi kaza, ku ƙarasa jimlar, na su wa? Hanya uku ce, ko na waɗanda suka ce ee ko a'a kawai, ko na duk wanda ya halarci zaman, ko na dukkan mambobin da ke rajista. Majalisun gaske ma ba su bar wannan ga tsammani ba. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 a sashe na 56 ya ce al'amuran yau da kullum ana yanke su ne da rinjayen waɗanda suke wurin kuma suka kaɗa ƙuri'a, amma da aka zo gyaran kundin kansa a sashe na 9 sai aka ce kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin zauren. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya shi ma ya fayyace a dokokinsa cewa wanda ya ƙaurace ana ɗaukarsa kamar bai kaɗa ba, ee da a'a kawai ake haɗawa. Ni shawarata ku yi haka: ƙudiri na yau da kullum, rinjayen masu ee da a'a. Gyaran tsarin mulki da tsige shugaba, ku ɗora su a kan dukkan mambobi, don kada mutum takwas su faki ido cikin dare su juya muku gida.

Maganar ƙauracewa kada ku raina ta, don ƙauracewa tana da nauyi, ya danganta da wace hanya kuka ɗauka. In kuna lissafi da waɗanda suka halarta, wanda ya ƙaurace daidai yake da wanda ya ce a'a, ko ya sani ko bai sani ba. In kuma ee da a'a kawai kuke haɗawa, ƙauracewarsa sauƙaƙa wa mai rinjaye take yi. A Janairun 2023 sai da Majalisar Wakilan Amurka ta yi zagaye 15 kafin Kevin McCarthy ya zama kakaki, kuma da ƙuri'a 216 ya ci, alhali a cikakken zaure 218 ake buƙata, saboda mutum shida daga jam'iyyarsa sun amsa cewa suna nan amma ba su zaɓi kowa ba, sai adadin da ake nema ya sauko. Ku bayyana wa mambobinku wannan tun farko, mutane da yawa suna danna "na ƙaurace" ne da tunanin sun wanke hannunsu, daga baya su ji ashe su ne suka yanke hukuncin.

Sai ɗan lissafin da ake yawan faɗa a kansa. Ku daina rubuta "rabi da ɗaya", ku rubuta "fiye da rabi". In mutum 25 suka kaɗa, rabi da ɗaya 13 da rabi ne, sai wani ya ce ai babu rabin mutum don haka sai 14, alhali 13 ta riga ta fi 12. Kashi biyu cikin uku kuma ga hanya mai sauƙi in da ee da a'a kuke aiki: ka ninka a'a sau biyu, in ee ta kai haka ko ta wuce shikenan ya wuce. 14 da 7 ya wuce, 13 da 7 bai wuce ba. In kuma lissafi ya bar ɓurɓushi, kamar kashi biyu cikin uku na 25 da yake 16 da ɗoriya, sama ake hawa, 17 kenan, a rubuta wannan a doka.

Yanzu kworam, wato mafi ƙarancin mutanen da sai sun hallara kafin zama ya zama zama. Kowace majalisa da nata. A Najeriya kashi ɗaya cikin uku ne, a Amurka fiye da rabi, a Majalisar Wakilan Birtaniya mai kujeru 650 mutum 40 ne kacal. A guruf kada ku yi kwaɗayin sa shi da yawa, mutane suna da makaranta da aiki da matsalar data da caji, in kun ce sai rabi za ku wayi gari wata guda ba ku zartar da komai ba. Kashi ɗaya cikin uku ya wadatar in dai kuna ba da isasshen lokaci. Amma tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce, a guruf wa ake kira wanda ya halarta? Wanda alamar ta nuna ya karanta saƙo? Wanda aka gani onlayin? A'a, kada ku kuskura ku bi wannan, waya tana iya buɗewa a aljihu. Wanda ya halarta shi ne wanda ya rubuta wani abu a zauren cikin lokacin ƙuri'ar, ko ee, ko a'a, ko na ƙaurace.

Kuma ku shirya wa ranar da 'yan adawa za su gane cewa in sun yi shiru gaba ɗaya kworam ba zai cika ba. Tsohuwar dabara ce. A majalisar Amurka a da, marasa rinjaye suna zaune a kujerunsu za a kira suna su ƙi amsawa, sai a ce babu kworam, har ranar 29 ga Janairun 1890 kakaki Thomas Reed ya umarci akawu ya rubuta sunan duk wanda idonsa ya gani a zauren ko ya amsa ko bai amsa ba, aka yi ta hayaniya, amma a 1892 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halascin wannan ƙirgar. A jihar Texas kuwa da kworam ɗinsu yake kashi biyu cikin uku, 'yan Democrat barin jihar ma suka yi a 2003 da 2021 don kada a samu zama. A guruf za ku ga irinta: mutum yana ta zuba muhawara yana tura sitika, ana buɗe ƙuri'a ya ɓace. Abin da ya yi mana aiki shi ne, wanda ya yi magana a zauren bayan an buɗe ƙuri'a an ƙirga shi cikin kworam. In kuma duk da haka bai cika ba, a ƙara awa 24 sau ɗaya tak, a yi wa kowa tag da sunansa, bayan nan abin da aka samu shi ne sakamako in dai ƙudiri ne na yau da kullum. Irin wannan ƙauracewar don hana kworam hakkin 'yan adawa ce, ni ban ga laifinta ba, tana jawo hankali kuma tana sayen lokaci, sai dai bai kamata ta zama makullin da zai rufe majalisa har abada ba.

Wannan ya kawo mu kan rajista. Akawu ya riƙe jerin sunayen mambobi, ya liƙa shi a inda kowa zai gani, kuma da zarar an buɗe ƙuri'a jerin ya daskare. Wanda aka shigo da shi bayan an buɗe ba ya kaɗawa a wannan karon, wanda ya yi fushi ya fita bayan ya kaɗa ƙuri'arsa tana nan, wanda aka cire a tsakiyar ƙuri'a a dawo da shi har a rufe. Masu dogon shiru kuma a yi musu doka guda da ta hau kan kowa, misali wanda ya tsallake ƙuri'a uku a jere ba uzuri ya sauka daga lissafi har sai ya dawo ya sanar. In ba haka ba sunayen mutanen da suka canza layi tun bara za su riƙa hana ku kaiwa kashi biyu cikin uku. Maganar mutum ɗaya mai akawun biyu ita ma a gama ta a ƙofar shiga, lokacin karɓar mamba, ba ranar da ƙuri'a ta zo kusa da kusa sannan a fara cewa ai wane da wane mutum ɗaya ne ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu ɗaya da nake roƙonku, kada kakaki ya zama shi ne admin mai ikon cire mutane da goge saƙo. A majalisar gaske guduma daban, makullin gini daban. A guruf in mutum ɗaya ya haɗa su, ko da mutumin kirki ne, ranar da ya goge wani saƙo saboda zagi kuma aka yi rashin sa'a mai saƙon ɗan adawa ne, babu wanda zai yarda cewa don zagin ne. Ku ba wa mutum biyu ko uku da ba sa kaɗa ƙuri'a aikin admin, kuma su ma ba sa goge komai a zauren ƙuri'a sai sun ɗauki sikirinshot sun ajiye.

Yadda ake buɗe ƙuri'ar kanta, saƙo ɗaya ne daga akawu, kuma komai ya kasance a cikinsa. Ga irin wanda nake turawa:

"Ƙuri'a ta 12. Tambaya: Shin majalisa ta amince da ƙudirin da ke sama kamar yadda aka gyara shi? Masu ikon kaɗawa: mutum 30 da ke jerin da aka liƙa. Kworam: 10. Abin da ake buƙata: ee ta fi a'a. An buɗe yanzu, za a rufe Alhamis ƙarfe 8:00 na dare agogon GMT. A rubuta EE, A'A ko NA ƘAURACE. Ana iya canzawa da sabon saƙo kafin a rufe, na ƙarshe ake ɗauka."

Ku lura da abubuwan da ke ciki. An faɗi agogon da ake bi, domin guruf yakan haɗa wanda ke gida da wanda ke karatu ko aiki a wata ƙasa, "ƙarfe takwas" kawai ba magana ba ce. Kuma ku yanke tun yanzu, saƙon da ya shigo 8:00 daidai ya shiga ko bai shiga ba? Mu cewa muka yi duk abin da ya nuna 8:00 ya shiga, 8:01 bai shiga ba, kuma lokacin da ya bayyana a zauren ake dubawa, ba lokacin da mai shi ya ce ya danna ba, don netwok yana iya riƙe saƙo minti goma. Akwai tausayi a ciki, na sani, na taɓa ƙin karɓar ƙuri'ar abokina da ta makara da minti biyu kuma da ita ce za ta juya sakamakon, raina bai so ba, amma da na karɓa da gobe ba ni da bakin hana wani. Awa 48 ta fi dacewa da yawancin ƙudirori, awa 72 ga manya. Kakaki ba shi da ikon rufewa da wuri don ya ga ɓangarensa na gaba, ba shi da ikon ƙara lokaci don ya ga suna baya, sai dai in kowa da kowa ya riga ya kaɗa.

Sannan tambayar ta zama wadda ee ke nufin a yi, a'a ke nufin a bari yadda yake. Kada a rubuta "shin kun ƙi amincewa da soke kaza", rabin mutane za su zaɓi akasin abin da suke nufi. Kuma rubutun ƙudirin da ake kaɗa wa ƙuri'a akawu ne zai kwafo shi ya tura da hannunsa, ba a dogara da saƙon mai ƙudirin, saboda WhatsApp yana barin mutum ya gyara saƙonsa cikin minti 15, a Discord kuwa ko bayan kwanaki ne zai iya gyarawa. Shi ya sa ma na fi son a canza ƙuri'a da sabon saƙo maimakon a gyara tsohon, ƙuri'ar da aka gyara a cikin tsohon saƙo mu ba ma ƙirga ta.

Akwatin zaɓen nan na dannawa da ke cikin WhatsApp da Telegram yana da daɗi don sauri, amma ga doka ni ban cika son shi ba. Mutum yana iya janye zaɓinsa shiru ba wanda ya lura, na Telegram kuma ana iya saita shi ya ɓoye sunaye, sai ka ga lamba kawai ba ka san ko 'yan kallo sun danna ba. Ɗan majalisa ai wakili ne, ya kamata a san inda ya tsaya. In za ku yi amfani da shi to sunaye su fito, akawu ya ɗauki hoto a daidai minti na rufewa. Ƙuri'ar sirri ku bar ta ga zaɓen mutane, kamar kakaki, inda kunya da zumunci ke hana mutum faɗin gaskiyarsa, kuma nan ma a samu masu ƙirga biyu, ɗaya daga kowane ɓangare.

Kada ku zuba zaɓi huɗu ko biyar a ƙuri'a ɗaya ku ce wanda ya fi yawa ya ci. A ce ku 20 ne, 8 suna son a bar wa'adin kakaki wata shida, 7 suna son wata uku, 5 suna son wata biyu. Wata shida zai ci da 8, alhali mutum 12 so suke a rage. Hanyar majalisa ita ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, a fara da gyare-gyaren da aka kawo, kowanne ee ko a'a, in an gama sai a kaɗa wa ƙudirin gaba ɗaya yadda ya koma. In kuma mutane ake zaɓa, a yi zagaye na biyu tsakanin biyun da suka fi yawa. Ko haka ma ba kullum ake samun mafita ba fa, a ranar 27 ga Maris 2019 'yan majalisar Birtaniya sun gwada zaɓi takwas kan ficewa daga Tarayyar Turai, kowanne aka kaɗa masa, babu ko ɗaya da ya samu rinjaye. In haka ta same ku, abin da ake kai shi ke ci gaba, a koma muhawara.

Kunnen doki fa? Ku zaɓi ɗaya ku rubuta. Ko dai a ce duk ƙudirin da aka yi kunnen doki a kansa ya faɗi tunda bai samu rinjaye ba, wannan ya fi sauƙi, ko kuma kakaki ya raba gardama. In kun ɗauki na biyu to kakaki ba ya kaɗawa tun farko, kamar yadda sashe na 56 ɗin nan ya tanada, mai jagorantar zama ba ya jefa ƙuri'a sai don raba kunnen doki, kada ya ci biyu. A Amurka mataimakin shugaban ƙasa ne ke raba wa sanatoci, kuma ɓangarensa yake bi. Na Birtaniya ne ya fi burge ni, suna da al'adar da ake jingina wa kakaki Denison na ƙarni na 19: kakaki ba ya bin ra'ayinsa, yana kaɗawa ne ta yadda za a ci gaba da tattaunawa, ko a bar abu yadda yake, domin bai kamata ƙuri'arsa ita kaɗai ta ƙirƙiri rinjayen da babu shi ba. Ranar 3 ga Afrilun 2019 aka yi 310 da 310, kakakin lokacin John Bercow ya bi wannan ƙa'ida ya kaɗa a'a. Ga guruf wannan ya fi zaman lafiya, kowa ya san abin da kakaki zai yi tun kafin ya yi, ba mai zarginsa.

To duk da haka rigima za ta zo, sai ku gina mata hanya. Wanda ya ga an saɓa doka ya rubuta a zauren, a fili, ya faɗi lambar dokar da aka taka, ba "ana mana rashin adalci" kawai ba. Ya kawo ƙorafin a kan lokaci, ƙorafi kan yadda aka tsara tambaya ko lokacin rufewa a kawo shi tun ƙuri'a na buɗe, ƙorafi kan ƙirga kuma cikin awa 24 bayan sanar da sakamako. Wanda ya ga kuskure ya yi shiru yana jiran ya ga ko zai ci, da ya faɗi sannan ya tuno, ba a saurarensa. Kakaki ya yanke hukunci a rubuce tare da dalili cikin awa 12 ko 24. In mai ƙorafin bai gamsu ba kuma ya samu ko mutum ɗaya ya mara masa baya, sai a mayar wa zauren: shin hukuncin kakaki ya tsaya? In an yi kunnen doki ya tsaya. In kuma maganar ta shafi kakakin kansa, ya sauka mataimaki ya hau, mutum ba ya alƙalanci a shari'arsa.

Sai dai akwai rami a nan da ya kamata ku toshe. In rinjaye mai sauƙi yana iya ture hukuncin kakaki, to masu rinjaye suna iya canza ma'anar kowace doka ta wannan ƙofar ba tare da sun nemi kashi biyu cikin uku ba. Haka aka yi a majalisar dattawan Amurka a Nuwamban 2013, dokar rufe muhawara tana neman sanata 60, amma ta hanyar ture hukuncin mai jagorantar zama da ƙuri'a 52 da 48 aka mayar da ita rinjaye mai sauƙi ga yawancin naɗe-naɗe, kuma a 2017 ɗaya ɓangaren da ya karɓi rinjaye ya bi ta ƙofar ya faɗaɗa ta zuwa alƙalan Kotun Ƙoli. Ku rubuta cewa ɗaukaka ƙara tana aiki ne kawai inda doka ta yi shiru ko ta ɗauki ma'ana biyu, inda ta fito ƙarara sai dai a gyara ta ta hanyar gyara. Kuma duk gyaran dokar zama yana fara aiki ne daga ƙuri'a ta gaba, ba ya komawa baya, ba ya taɓa wadda ke buɗe.

Akawu ya buɗe wani wuri yana tara hukunce-hukuncen nan, kwanan wata, abin da ya faru, abin da aka yanke, layi uku ya isa. Bayan wata shida za ku ga amfaninsa, irin rigimar za ta dawo amma wannan karon waɗanda suka ci riba a da su ne za ta cije, sai kawai a buɗe a nuna musu.

Wanda ya faɗi kuma yana son ya dawo da ƙudirinsa gobe da jibi har sai ya dace da ranar da 'yan adawa ke jarabawa, shi ma a yi masa iyaka. Majalisar Birtaniya tana da ƙa'ida tun 1604 cewa ba a sake kawo tambaya ɗaya a zango ɗaya, da ita Bercow ya taka wa gwamnatin Theresa May birki a Maris 2019 lokacin da take son kawo yarjejeniyarta ta ficewa daga Tarayyar Turai karo na uku ba tare da canji ba. Ku ce sai bayan wata ɗaya, ko sai sabon zango, ko sai an canza ainihin abin da ke ciki ba wai an sauya kalma biyu ba.

Tsige kakaki kada ya zama da sauƙi sosai. McCarthy ɗin nan da ya sha wuya ya hau, ya amince mutum ɗaya ma zai iya kawo ƙudirin sauke shi, a Oktoban 2023 aka sauke shi da 216 da 210, majalisar ta yi sati uku ba kakaki. Jamus kuwa tsarin mulkinta ya ce ba a sauke shugaban gwamnati sai an zaɓi wanda zai gaje shi a ƙuri'ar, ta haka Helmut Kohl ya gaji Helmut Schmidt a 1982. Ku ari wannan: mai son tsigewa ya kawo sa hannun kashi ɗaya cikin huɗu na mambobi, ya faɗi laifin, ya faɗi wanda zai hau, a ba wanda ake tuhuma awa 48 ya kare kansa, sannan a kaɗa.

In kuma kun riga kun faɗa ramin da muka faɗa, ƙuri'a ta rufe doka kuma ta ɗauki fassara uku, kada kakaki ya zaɓi fassara ɗaya ya buga guduma, duk wadda ya zaɓa an riga an san wa za ta ba nasara. Abin da muka yi daga ƙarshe shi ne muka ajiye wancan sakamakon gaba ɗaya, muka fara kaɗa ƙuri'a kan ma'anar dokar ita kaɗai, ba a ambaci ƙudirin ba, aka tsayar da cewa gyaran tsarin mulki sai kashi biyu cikin uku na duk masu rajista, aka tsaftace rajistar, sannan bayan sati ɗaya aka sake buɗe ƙuri'ar daga farko da sabon saƙo mai ɗauke da komai. Da aka rufe na jero sunaye ɗaya bayan ɗaya, wane ee, wance a'a, wane bai kaɗa ba, na sa jimla a ƙasa, na ce kowa ya duba sunansa, ƙorafi a buɗe yake har gobe ƙarfe takwas. Ƙudirin bai wuce ba, ƙuri'a biyu ya rasa. Mai ƙudirin ya bi sunayen da kansa, ya rubuta "na ƙirga, haka ne", ya tambayi ranar da doka ta ba shi damar sake kawowa, na duba na faɗa masa.